Motar Cikin Ɗaki da Makullin Roka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya kuma ka samu makwanci mai dama-dama. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin banza, amin. Mamarka tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya zube a cikin kaya, to ga shi na tambaya.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, unguwarmu Fege tana nan yadda ka bar ta. Maganar da ka yi mini a bakin ƙofa ranar tafiyarka ita ta zaunar da ni rubutu. Ka ce don Mamarka ta yi kuka za ka koma jami'ar, amma da zarar an ba da hutun farko ka dawo ke nan, in ba ka makullin roka ka shiga hanya yadda na shiga. Ban tanka maka ba, domin na san bakina. Da na buɗe shi a wurin, da sai 'yan okada sun taru kallo. Shi ya sa na ce gara takarda, ita ba ta ɗaga murya.

Na san dalilinka biyu ne. Ɗaya kwamfuta, ɗaya ni. Bari in fara da kwamfutar, nawa ya fi nauyi.

Ka ce 'yan ajinku yatsunsu gudu suke yi a kanta, kai kuma da yatsa ɗaya kake farautar harafi kamar kaza tana tsintar gero, har wata yarinya ta juyo ta yi maka dariya. To saurara. Ni na shigo Anacha ne bayan an gama yaƙin basasa, a bayan rokar maigidana Alhaji Tanimu, bisa buhunan albasa. Shi dawowa ya yi, ni zuwan fari ne. Muna shiga unguwa yana nuna mini da haɓa: nan gidan wane ne, ba rufi, nan ne masallacinmu, ciyawa ta kai gwiwa a cikinsa. Ko alif na boko ban sani ba a lokacin. Akwai wani malamin makaranta Inyamiri a gidan da muka kama haya, mutumin kirki, ya ga ina juya jarida ƙasa a sama. Ya ce in riƙa zuwa da yamma in zauna da 'ya'yansa ya koya mini. Ka san abin da na ce masa? Na ce ni na yi kama da yaron da za a zaunar a tabarma da masu majina? Na ce ya riƙe bokonsa, ni sitiyari zan riƙe. Mutumin ya juya ya shige ɗakinsa.

Daga baya da kaina na koya, a jikin motoci. Duk rokar da ke gabanmu sai in ƙura wa rubutun bayanta ido, in haɗa wannan da wancan, har in manta ana yi mini magana. Daga nan allunan hanya, daga nan ƙananan littattafan da ake bazawa a ƙasa a babbar kasuwa. Na iya, ba na musu, ga shi kana karantawa. Amma abin da mutumin nan zai ba ni a damina ɗaya, shekaru na yi ina rarrafe a kansa, don kawai kada a ga ban sani ba. Saboda haka yarinyar nan da ta yi maka dariya, ita za ka nema. Ka ce mata, 'yar'uwa, ke da kika iya, nuna mini inda ake aza yatsu. Ta sake dariya in ta ga dama, haƙoranta ne. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ke ɓata shi ne irina.

To yanzu nawa.

Ni har yau ban gane abin da ya same ni a ɗakin nan ba, wallahi. Ka tuna ranar da na raka ka, aka ce iyayen sababbin ɗaliban sashen sufuri su zo a zagaya da su su ga kayan koyarwa. Tun a hanya nake tambayarka, in ka gama kai direba ne? Ka ce a'a. Makaniki? A'a. Ɗan kamasho mai takarda? Ka ce Baba don Allah. Ka ce ku ne za ku riƙa tsara yadda motoci ke tashi da sauka, da yadda ake horar da direbobi, duk da kwamfuta. Na gyaɗa kai don kada in ba ka kunya, amma ban gane ba, kuma yanzu ma rabi na gane.

Sai aka shigar da mu ɗaki mai sanyi, ga kan mota an yanko an ajiye a tsakiya. Kujera, sitiyari, giya, totur, burki, madubi, har da hon. Ba taya, ba inji, ba warin gas. A madadin gilashi sai allo, titi yana tafiya a cikinsa. Malamarku ta ce wa zai gwada? Ka riƙe mini hannun riga, na ji ka, na fizge. Na ce a raina, ni da na tsufa a hanya, wasan yara ne zai gagare ni? Ta ce an yi mini lodin siminti. Na waiwaya ban ga siminti ba, amma da na tashi motar, Habibu, sai na ji nauyinsa a ƙuguna. Wannan kaɗai ya isa ya rikita mutum. Nauyin ina yake? Wa ya ɗora?

Na yi tafiya lafiya lau har aka zo gangare. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya cire giya, na saki mota a firi.

Kai ba ka taɓa gangara da ni da lodi ba, bari in gaya maka abin da ake nufi. Firi shi ne ka zare giya ka bar mota ta gangara da nauyinta, inji yana ɗan numfashi kawai, wasu ma kashe shi suke yi ɗungurungum. Alhaji Tanimu ya koya mini, shi ma nasa maigidan ya koya masa tun zamanin da gas ke wuya. Amma mu a namu lokacin, da arzikin mai ya faso ƙasar nan, gas har wanke hannu muke yi da shi. Kowa gini yake yi, siminti da rodi ba sa kwana a ƙasa, yaron mota ya yi shekara ɗaya yana sa wa taya weji sai ka gan shi a sitiyari don motoci sun fi direbobi yawa. Ba don tattali muke sakin firi ba. Don a ce wane namiji ne muke yi. Ka sauko gangaren Inugu shuuu ba ƙarar inji, ka wuce na gabanka yana kuka a giya ta biyu, ka leƙo ka ce masa, “Tsohuwa, a kai ki asibiti?” Da yamma a gareji a yi ta labarinka. Ni har suna aka sa mini saboda wannan, ba zan rubuta maka shi ba.

Wata rana a wannan gangaren, da siminti a bayana, na taka burki na ji shi kamar na taka tuwo. Na sake takawa, ba komai. Giya ta ƙi shiga. A ƙasa akwai mata masu sayar da abinci a bakin kwana, ina hango kwanukansu. Sai na karya sitiyari na ba wa jikin dutse motar. Gwiwar nan da kake gani ina ja in damina ta kama, a nan na samo ta. Alhaji Tanimu ya zo asibiti ya tsaya a kaina ya ce, “Iliya, burki ne ya ƙi, ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba.” Kowa a gareji haka ya ce. Ni ma haka nake faɗa, kai ma haka ka ji daga bakina tun kana rarrafe. Da na warke na koma hanya na ci gaba da firi, tunda burki ne mai laifi.

To a ɗakin nan mai sanyi, na taka burki, na sake takawa, sai ga tuwon nan a ƙarƙashin ƙafata. Shi ne dai, ba wani ba. Allon ya juya, kujera ta girgiza, aka yi ƙara, komai ya yi ja. Wani yaro a baya ya yi shelar na yi karo da Turancin buroka, ya ce, “Baba don jam o!” Ɗaki ya ɗauki dariya.

Malamar ba ta yi dariya ba, wannan zan shaide ta ko a gaban alƙali. Ta matso ta yi mini magana da Hausa tsantsa, ashe a Kano iyayenta suka zauna kafin yaƙi ya koro su, kuma ba su yar da harshen ba. Ta ce, “Baba, sannu. Ba burkin ne ya ƙi ba, iskar ce ta ƙare. Bari in mayar maka baya ka ga allurar.” Ta danna wani abu, sai ga tafiyata ta dawo daga farko, ga allurar iska tana sauka a hankali tun daga inda na cire giya. Burkin roka da iska yake aiki, inji ne ke cika tankin, wanda ya kwantar da inji ya yi ta taka burki kansa yake yi wa sata. Yo ni ban san wannan ba? Na sani mana! Kowane direba ya sani. Sai dai ban taɓa ganinsa daga waje ba, kamar mutum ya tsaya a gefe yana kallon jana'izarsa.

Abin da ya kamata in ce shi ne na gode. Abin da na ce kuwa ka ji da kunnenka. Na ce mata ina tuƙi tun kafin uwarta ta san ubanta. Na ce akwatin ƙarya ne, an saita shi don a wulakanta talaka. Na ce ita ko keke ta taɓa faɗuwa a kai? Na buga ƙofar motar da ba ta zuwa ko'ina na fita, na bar ka tsaye a cikin mutanen da za ka yi shekaru da su. Mamarka ta gaya mini yanzu ɗan Baba Firi suke kiranka, kuma ba ka iya haɗa ido da malamar. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin inda bakin uba ya yanka wuyan ɗa ba sai a kaina. Shawarata a nan gajeriya ce: in aka nuna maka kuskurenka a gaban jama'a, ka ƙirga haƙoranka da harshe kafin ka yi magana. Ni ban taɓa iyawa ba. Kai jinin Mamarka ya fi yawa a jikinka, wataƙila ka iya.

Tun daga ranar kaina bai zauna daidai ba. Na samu Liman bayan sallar La'asar na ce, “Allah gafarta Malam, na mutu a Inugun da ba Inugu ba, na tashi na sa takalmina. Mene ne hukuncin wannan?” Ya dube ni ya ce, “Iliya, ka ci abinci kuwa yau?” Na ce da gaske nake. Ya ce mutuwar da aka tashi aka sa takalmi ba mutuwa ba ce, wa'azi ne, in je in gode wa Allah da Ya aiko mini shi a ɗaki mai fanka. Na ce ba fanka ba ce, na'urar sanyi ce. Ya ce to ka ga, har gardamar ba ta mutu ba.

Ga abin da ke juya ni. Mu da jikinmu muka koyi hanya. Duk abin da na sani, akwai wanda ya biya shi da ƙafa ko da rai. Mutum nawa muka ɗauko a tabarma daga gangaren nan, muka yi musu sutura a nan Anacha, iyayensu a Arewa sai labari? Da akwai wannan akwatin a lokacin, a zaunar da kowannenmu ya faɗi sau goma ya tashi ya sha ruwa, da wasunsu yau suna nan suna damun mutane da surutu kamar ni. In na tuna haka sai in ce wannan karatu naku alheri ne, mafi girma. Sai kuma wata zuciyar ta ce, to wanda ya saba mutuwa kyauta, zai ji tsoron hanya kuwa? Wanda bai taɓa jin warin taya tana ƙonewa ba, bai taɓa zare abokinsa daga ƙarƙashin bodin mota ba, in allo ya yi ja sai ya danna ya sake, ranar da aka ba shi rayukan mutane zai san ba a sakewa? Ban sani ba. Na kwanta da wannan na tashi da wancan. Abin da kawai zan ce maka, duk ranar da ka faɗi a cikin akwatin nan, kada ka yi dariya, ko kowa ya yi. Ka ɗan zauna shiru, ka ce Inna lillahi, sannan ka danna.

Akwai kuma ɗaya allon da aka nuna mana kafin in yi abin kunyata, mai taswira, da ɗige-ɗige suna tafiya kamar tururuwa. Aka ce kowane ɗigo mota ce ta gaske a kan hanya, mai ita yana zaune a ofis yana ganin inda ta tsaya da inda ta yi gudu. Rabin raina ya ce madalla, ɓarayin lodi sun shiga uku. Ɗaya rabin ya ce, wayyo direba, ko fitsari ba zai yi a ɓoye ba. In aikin da za ka yi ke nan, ka riƙe wannan. Lokacin da na samu motar kaina na ɗauki wani direba, Ado, na tura shi ya kawo tumatir Kasuwar Rilif. Ya makara, kayan suka fara ruwa, 'yan kasuwa suka taso mini. Yana sauka ban bari ya rufe ƙofa ba na wanke shi tas a gaban 'yan dako, na karɓe makulli. Ya ɗauki buta da bargonsa ya tafi. Sai da na shiga motar na ga jini a kujera. Ashe haɗari ya tarar a hanya, ya kwashi mutane ya kai asibiti, aka riƙe shi ana tambayoyi. Na aika a nemo shi, ya ce a gaya mini ya yafe amma ba zai dawo ba. Ni da idona biyu a kan mutum na yi wannan. Kai da ɗigo kawai za ka gani fa? In ɗigo ya tsaya, ka ɗauki waya ka ce lafiya, kafin ka ce don me. Wataƙila salla yake yi. Wataƙila barci ne ya kama shi ya ji tsoron Allah ya faka. Kwamfutar za ta gaya maka ya tsaya, ba na jin za ta gaya maka dalili. Ko za ta iya? Ka tambayi malamarku, ni na daina rantsuwa a kan abin da akwatin nan ba zai iya ba.

To, maganar makulli. Habibu, ba zan ba ka ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Ka yi fushi in ka so, gado ne. Ba don tuƙi aikin banza ba ne, da shi na ciyar da ku, kuma duk wanda ya raina direba ya daina cin albasa mu gani. Amma in na ba ka makullin nan ni zan koya maka, kuma abin da ke hannuna shi zan zuba a naka. Na ga abin da hannun nan yake yi kafin kaina ya farka. Ban yarda da shi a kanka ba. Ka zauna can inda ake faɗuwa a tashi. Ni ban gane wurin ba, ban ma tabbata ina sonsa ba, amma gara in ba su kai da in ba wa gangare.

Kuma tunda ni na ɓata maka zama, ni zan zo in gyara. Na sa Mamarka ta wanke babbar rigata. Ina da lodin da zai bi ta wajenku kafin hutunku, zan faka a bakin ƙofar makarantar in shigo da ƙafa. Ba a ofis zan samu malamar ba, a ɗakin nan nake so, a gaban yaran da suka ji zagin, su ji ban haƙurin. Zan ce mata, 'yata, na yi kuskure, ki yafe wa tsoho. Na yi ta maimaitawa a mota, har yanzu in na zo kan “kuskure” sai maƙogwarona ya ƙi, amma zai fita ko da tari ne. Kada ka ɓuya a banɗaki ranar. Ka tsaya kusa da ni, ta gefen gwiwar mai lafiya. In ka ji muryata ta fara hawa, ka taka mini ƙafa da ƙarfi, na ba ka izini, ba zai zama rashin ladabi ba.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko aji ya ci karo da ita ka nemi kusurwa. Kada ka hau okadan da mai shi ke warin giya. Allah Ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, Ya sassauta maka yatsu, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri irin wadda na zaga. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya tsare duk wanda ke kan hanya, na cikin allo da na wajensa, Ya dawo mana da kai lafiya da abin da ka je nema. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Iliya
Fege, Anacha